Sunan da Baba Jatau Bai Faɗa Ba

Kwanakin baya jikar yayana, Hauwa, ta zo gaishe ni da ƙawayenta, kowacce rungume da kwamfutar hannu. An ɗauke su aikin bincike a ƙauyukan Shanono. Na tambaye ta wa ya koya musu aikin, sai ta tuntsire da dariya ta ce, "Haba Baba Tsoho, wannan ai ba aikin koyo ba ne. Tambayoyin duk suna ciki. Ka karanta, mutum ya amsa, ka danna." Ƙawayen suka taya ta. Na haɗiye maganata, don in na fara ba za su sami motar komawa ba. Amma abin bai bar raina ba, shi ya sa na zauna na rubuta wannan, ita da ire-irenta su karanta in sun ga dama.

Sana'ata ba ta da suna a takardar gwamnati. A ƙauye Tafinta ake ce mini, ko da yake yawancin waɗanda na raka suna jin Hausa kamar ni. Aikina shi ne in ɗauko mai bincike daga jami'a, ɗan ƙasa ko Bature, in kai shi gaban tsofaffi, in sa su buɗe baki, sannan in zauna in kwashe abin da ke cikin kaset in mayar kan takarda. Tun ban fara aske gemu ba nake yi, har kaina ya yi fari. Daga Ɗambatta zuwa Shanono babu unguwar da karnukanta ba su san ƙarar kekena ba.

Masu zuwa iri-iri ne, kuma kowa da irin ciwon kan da yake kawowa. Mai tarihi shekara yake so. Tsoho ya ce masa an yi abu shekarar da fara ta cinye gero, shi kuma ya nace sai an ba shi lamba, kamar tsohon ya haɗiyi kalanda. Mai labarin ƙasa da igiyar awo yake zuwa, ya shiga gonar mutane yana ja, kafin azahar gari ya ɗauka gwamnati za ta ƙwace filaye, ni ne zan bi gida-gida ina rantse-rantse. Mai nazarin harshe zai sa tsohuwa ta maimaita kalma ɗaya har ta tambaye ni a asirce ko yaron nan kurma ne. Mafi wuyar sha'ani shi ne mai tattalin arziki, wanda zai dubi magidanci ido da ido ya ce masa dami nawa ne a rumbunka. Wa ya taɓa faɗa wa baƙo abin da ke rumbunsa? Ko matarsa ba lallai ta sani ba. Akwai kuma masu nazarin zamantakewa, masu son sanin wa ya haifi wa, wa ya auri wa, wa ya gaji wa. Su ne suka fi daɗin zama, kuma aikinsu ne ya fi saurin yin ɓarna in an yi shi da ka.

A hannun Malam Habu Dogo na koya, Allah ya ji ƙansa. Mutum ne mai faɗa, ga rowa da yabo. Damina guda na yi ina bin sa, ban taɓa rakoda ba sai dai in ɗauki jakarta. Ran da ya fara kai ni wani gida muka zauna tun hantsi har la'asar, aka yi hirar tsadar taki, da cutar da ta kama awaki, da wani rikicin iyaka, muka sha fura muka tashi. A hanya na ce, "Malam, yau ba mu yi aiki ba." Ya tsayar da kekensa ya ce, "Kai jaki ne? Yau muka yi aikin. Ran da za a kunna rakoda ai girbi ne kawai."

Kayan aikin ba su da yawa. Rakoda mai kaset, da batir a naɗe cikin tsumma don kada zafi ya shanye shi, da fensir na juya kaset in zaren ya fito. Goro na tsofaffi maza, taba gari da gishiri na tsofaffi mata. Sai kunne, sai gindin zama. Kwashe magana daga kaset shi ne aikin da ke karya baya: ka kunna, ka tsayar, ka mayar baya, zakara ya yi cara a kan kalmar da kake nema, ka sake mayarwa. Hirar yini ɗaya takan ci mako. Bayan an gama, littafi ya fito a wata ƙasa, in an yi maka kara a sa sunanka cikin godiya, tsakanin direba da mai dafa abinci. Wannan bai taɓa hana ni barci ba.

Babbar dokar Malam Habu ita ce ba a karɓar zuriyar gida daga baki ɗaya. Ka tambayi maigida, wannan ladabi ne. Daga nan sai ka lallaɓa wajen 'yar'uwarsa, goggon yaran, don ita ba ta da abin ɓoyewa. In akwai taubashi ko kaka a raye, to ka dace, domin mai wasa da mutum shi ke faɗin abin da kowa ya yi shiru a kai. Dalilin dokar kuwa kowane ɗan ƙauye na zamaninmu ya san shi: uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, uwa ma haka. Ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa, ba ya lissafa shi a gaban baƙo. In ka ce ya ƙirga maka 'ya'yansa, sai ya fara daga na biyu. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma iyakar girman da uba ke ba ɗa ke nan. Yanzu kuna ɗora hoton ɗan fari a waya tun ba a yanke cibiya ba, to ba laifinku ba ne in ba ku sani ba. Laifin ya fara ne daga ranar da aka ba ku aikin tambayar tsofaffi.

Gidan Jatau na fara shigarsa ne tare da wani mai tarihi da ke neman labarin addinin kakanni. Babban gida ne a yammacin Shanono, rumbuna a jere, gonaki sun kewaye shi har bakin danga, ko wurin ɗaure jaki ba a bari ba. Baba Jatau shi kaɗai ya rage a gidan kan al'adar da, 'ya'yansa duk coci suke zuwa, kuma ba ya hana su. Mun yi ta zarya kafin ya yarda a kunna rakoda. Duk zuwan da muka yi wata mata ce ke kawo mana ruwa, doguwa, mai tsagar gidan a kumatu. Ta durƙusa ta ajiye, shi kuma ya kau da kai ya dubi rumbu har ta tashi. In yana son wani abu daga gare ta sai ya ce da iska, "A ce wa waccan ta kawo tabarma," alhali tana tsaye a gabansa.

Ban buƙaci a gaya mini ba, amma doka doka ce. Na sami ƙanwarsa, Goggo Dela, tana sussukar dawa a bayan gida, na miƙa mata taba na ce, "Goggo, wannan mai kawo ruwan fa?"

Ta ce, "Laraba? Ai ita ce ta fari. Yayana ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai faɗa maka ba."

Ita ta ba ni sauran labarin. Uwar Laraba ta tafi gidan iyayenta haihuwa kamar yadda ake yi a cikin fari, kafin a yaye yarinyar auren ya mutu, sai kakanninta na wajen uwa suka riƙe ta can wani ƙauye ta gefen Ɗambatta. Can ta girma, can aka yi mata aure. Da mijinta ya rasu, danginsa suka raba abin da ya bari, ta dawo gidan ubanta da ƙullin kayanta. Baba Jatau ya yankar mata gayauna a bakin hanyar shanu, wato 'yar gonar da mutum ke nomawa don kansa ban da gandun gida. Ko wannan ma bai faɗa mata da bakinsa ba, Goggo Dela ya aika ta nuna mata iyaka. Duk hirar nan a bakin turmi muka yi ta, rakoda tana cikin jaka, don mai tarihin ba 'ya'ya suka kawo shi ba.

Shekarar da ta karya sana'ar ita ce shekarar da kwamfutar hannu ta shigo. Wata Dakta daga jami'a ta zo da babban aiki kan iyali da gado da gonaki. Ba zan zage ta ba, mace ce mai kirki, ta durƙusa ta gaishe ni. Amma ta ce waɗanda suka ba da aikin sun sa sharaɗi, sai mai digiri, sai wanda ya iya na'urar, kuma gidaje da yawa ake so cikin ɗan lokaci. Abin da ya rage mini shi ne in kai su wajen masu unguwanni in ce waɗannan nawa ne. Na kai su. Na ce mata, "Dakta, a riƙa tambayar goggonni." Ta ce shawara ce mai kyau, sai dai fom ɗin maigida kaɗai ya sani. Daga nan aka sallame ni, na koma noman gyaɗata. Da fuskata aka buɗe ƙofofin, aka bar ni a waje, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Wani saurayi aka tura Gidan Jatau, ɗan birni, mai ladabi daidai gwargwado. Na ji muryar hirar daga baya, shi ya sa zan iya faɗin yadda ta kasance. Ya ce, "Baba, ka faɗa mini sunayen 'ya'yanka, daga babba zuwa ƙarami." Ana jin ƙarar kwano, wato Laraba na nan durƙushe tana ajiye ruwa. Tsohon ya yi gyaran murya, sannan ya ce, "Akwai Iliya. Akwai Bitrus. Akwai Saratu." Ya bi su har auta. Yaron ya ce, "Akwai saura?" Baba Jatau ya ce, "Ai ka ji su." Yaron ya danna, ya wuce tambaya ta gaba, kan yawan awaki. Goggo Dela kuwa ta riga ta rasu, ko da an neme ta.

Da aikin ya ƙare Dakta ta yi abin da mu ba mu taɓa yi ba, kuma da kyakkyawar niyya ta yi shi. Ta ce ba daidai ba ne a kwashi ilimin mutane a tafi da shi, sai a mayar musu. Aka yi taro a filin makaranta, kowane gida aka ba shi zanen zuriyarsa cikin gilashi, uba a sama, 'ya'ya a jere a ƙasa, da tambarin jami'a, da memori mai ɗauke da muryar maigida. Aka tafa, aka ɗauki hoto. Aka rataye na Gidan Jatau a zaure. Baba Jatau bai iya karatu ba, Laraba ma haka, kullum tana wucewa ta ƙarƙashinsa da tulu a ka. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Baba Jatau ya rasu bayan 'yan damuna. Ba a daɗe ba aka zuba kwalta a hanyar shanun nan, gayaunar Laraba ta wayi gari a bakin titi, wani mai kuɗi ya ce yana son wurin don gidan mai. Iliya, wanda ke bi mata, tun yana yaro aka kai shi makarantar kwana, daga can ya zarce Kano aiki. Ya zo ya ce gonar ta gado ce, za su sayar su raba. Laraba ta ce Baba ya ba ta. Iliya ya ce aro ne aka ba ta don tausayi, domin ita agola ce, uwarta da cikinta ta shigo gidan. Ban san ko ya yarda da abin da yake faɗa ba. Mai yiwuwa ya yarda rabi, don tun tasowarsa bai taɓa jin ubansu ya ce da ita 'yata ba. Rabin da ya rage kuma titi ya cika masa.

Laraba ta zo har gidana a ƙafa. Ta tsufa, tsagar kumatunta ta nutse cikin tamoji. Ta ce, "Tafinta, an ce Baba ya yi magana a cikin waya ya ce ba shi ya haife ni ba."

Na ce, "Bai ce haka ba. Bai dai kira ki ba."

Ta ce, "To da zai kira ni ne?"

Maganar ta kai kotu, na shiga neman shaida. Auren uwarta irin na da ne, ba liman ba fasto, balle takarda. Waɗanda suka ci tuwon bikin duk suna ƙarƙashin ƙasa. Tsagar kumatu kuwa Iliya ya ce kowa ma wanzami na iya yi masa. Na je Kano neman tsofaffin kaset ɗinmu ko wani ya ambace ta a ciki, aka buɗe mini wani ɗakin ajiya, na tarar gara ta riga ni. Maƙwabta sa'o'inta suka ce sun tashi sun ji ana cewa 'yarsa ce, amma ji ne, ba gani ba. Wasu kuma gonakinsu na bakin titin, ba sa son ɓata wa mai saye rai. Mutum ɗaya ya tsaya, wani tsoho Tanko, abokin farautar marigayin. Ya ja ni gefe ya ce, "Ka gaya mata ta ce ya taɓa kiranta 'yarsa a gabana. Ni zan rantse. Ƙarya ce a baki, amma gaskiya ce a ciki." Na kai mata saƙon. Ta saurara, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Ranar zaman kotu aka kawo zanen nan cikin gilashinsa, aka sa memori a waya, muryar Baba Jatau ta cika ɗakin. Laraba ta sunkuyar da kai kamar yana nan zaune. Aka ba ni dama na yi bayanin kunyar ɗan fari, na faɗi abin da Goggo Dela ta gaya mini. Alƙalin dattijo ne, kuma ba wawa ba ne. Ya ce, "Malam, ba sai ka koya mini ba, ni ma ban taɓa kiran sunan babban ɗana ba. Amma abin da ka kawo dalili ne da zai sa uba ya tsallake ɗa. Bai nuna akwai ɗan da aka tsallake ba. Wadda ta gaya maka ta rasu, su kuma ga muryar ubansu." Gaskiya ya faɗa.

Sai ya juya wajen Laraba, ya sassauta murya. Kowa a ɗakin ya ga ƙofa yake buɗe mata. Ya ce, "Inna Laraba, ki yi tunani da kyau, kada ki yi sauri. Ko sau ɗaya, ko a gaban mutum ɗaya, marigayi ya taɓa buɗe baki ya ce ke 'yarsa ce?"

Tanko ya gyara zama, ya kama sandarsa zai miƙe.

Ta ɗago kai ta ce, "Ranka ya daɗe, Baba ba marar kunya ba ne."

Alƙalin ya sake tambaya ta wata hanyar, ta sake ba shi amsar nan. Daga nan ya yi hukunci, ya ce gonar ta gado ce. An bar mata amfanin da ke gonar na shekarar, ta girbe ta tashi.

A waje na kasa riƙe bakina. Na ce, "Laraba, kalma ɗaya ce fa. Ga Tanko a shirye. Me ya hana ki?"

Ta gyara ɗaurin zanenta ta ce, "In tsaya gaban jama'a in ce ya kira ni? In tube shi yana kwance a kabari? Tun da aka haife ni abu ɗaya ya ba ni wanda bai ba su ba, shi kuma kake so in sayar. Su da ya iya kiran sunansu, su ci gonar."

Na ji haushinta a ranar, na ji haushin Iliya, da yaron da ya danna, da waɗanda suka zauna a ofis suka tsara fom mai bakin mutum ɗaya. Yaron nan na ji ya ci gaba da karatu, yana koyarwa yanzu, kuma na tabbata bai san akwai wata Laraba a duniya ba. Aikin Dakta ya fito, an yaba. A cikinsa Gidan Jatau yana nan daram, 'ya'ya a jere, babu wanda zai duba ya ga gurbi.

Bana da damina na bi ta titin a kan kekena. An zagaye gayaunar da bulo, an kafa ƙarafa, ciyawa ta fito a tsakaninsu don ginin ya tsaya. Gaba kaɗan na hango 'yan ƙwadago suna maimai, wato noma na biyu, a gonar wani, yawancinsu 'yan mata, sai tsohuwa ɗaya a ƙarshen layi, an bar ta a baya. Mai gonar yaro ne da ba zai wuce sa'ar jikanta ba. Yana tsaye a inuwa da waya a hannu, na ji shi tun daga kan titi yana ƙwala mata kira, gatsal, ba Inna ba Goggo.

"Laraba! Ke Laraba! Ɗaga hannu mana, rana na yi!"

Ta ce, "To," ta sunkuya ta ci gaba.